Lamba 18 a jikin kwali, ɗan shekara 9 a kan benci: Muhawarar wasannin harbi a gidajen gem na Kongo

A Kongo da ke Tudun Wadan Zariya, ba baƙon abu ba ne mai wucewa da yamma ya ji ƙarar harbi tana fitowa daga wani ɗan shago. Idan ya leƙa, talabijin zai tarar da na'urar PlayStation, da benci cike da yara, wasunsu ko kayan makaranta ba su cire ba.

Kongo unguwar ɗalibai ce. A nan ne ɗaya daga cikin manyan harabobin Jami'ar Ahmadu Bello take, mai ɗauke da Tsangayar Shari'a da Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, wadda asalinta ya faro tun 1947. Kwalejin da jama'a suka fi sani da FCE ma tana maƙwabtaka.

Duk inda ɗalibai suka taru, sana'o'in da ke bin su sukan taru: masu abinci, masu fotokwafi, masu cajin waya, gidajen kallon ƙwallo da gidajen gem.

Sai dai shagon da aka buɗe domin ɗan jami'a mai shekara 22, ɗan firamare ma ya san hanyarsa. Daga nan muhawarar ta taso.

Wasu iyaye da malamai na ganin yaron da ya saba danna maɓalli ya kashe mutum a talabijin, wata rana zuciyarsa za ta bushe. Masu shaguna da matasan da suka tashi cikin wasan kuma na ganin zargi ne irin wanda aka taɓa yi wa finafinan Indiya da littattafan soyayya.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika waiwaya ba. Kusan kowane ɗaya daga cikin wasannin nan ya zo da lamba a jikinsa, wadda ke faɗin shekarun da suka dace da shi.

Me yaran ke bugawa?

Wasan ƙwallon ƙafa ne sarki a yawancin gidajen gem na Arewa, wato FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da kuma PES, wanda ya koma eFootball. Bayan su sai wasannin faɗa da harbi.

Akwai Mortal Kombat, inda mutum biyu ke gwabzawa, kuma wanda ya yi nasara ke iya ƙarasa abokin karawarsa ta hanyar fille masa kai ko tsaga shi gida biyu.

Akwai God of War, sannan akwai Grand Theft Auto, wanda yara ke kira GTA. A cikinsa mai wasa na zama ɗan fashi a birni, ya ƙwace mota, ya banke masu tafiya a ƙasa, ya yi musayar wuta da 'yan sanda.

Kashi na biyar na GTA, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2013, an sayar da kwafinsa sama da miliyan 200 a duniya. A cikinsa akwai matakin da sai mai wasa ya azabtar da wani mutum da aka ɗaure a kujera kafin labarin ya ci gaba, ta hanyar cire masa haƙori da filaya ko jona masa wutar lantarki.

A Turai, wannan wasa na ɗauke da lamba 18. Haka ma Mortal Kombat 11 da manyan wasannin God of War.

A waya kuwa, Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile ne ke tashe. A salon da aka fi bugawa, ana sauke 'yan wasa da dama a fili ɗaya, kowa ya nemi makami, a yi ta harbin juna har sai mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ta rage. Free Fire ya samu karɓuwa a ƙasashe masu tasowa ne saboda yana tafiya ko a kan ƙaramar waya mai araha.

Daga ina lambar ta samo asali?

Mortal Kombat ɗin da ake bugawa a Kongo na cikin wasannin da suka haifar da tsarin alamar shekaru.

Ya fito a Amurka a 1992, da hotunan mutane na gaske maimakon zane, da jini na fantsama. Da aka kai shi na'urorin gida a 1993, kamfanin Nintendo ya mayar da jinin ya zama kamar gumi, shi kuwa Sega ya bar wata ɓoyayyiyar hanya ta dawo da shi.

A watan Disambar 1993, sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka jagoranci zaman jin bahasi a Majalisar Dattawan Amurka. Saƙonsu ga kamfanonin shi ne su tsara wa kansu hanyar gargaɗin iyaye, ko gwamnati ta tsara musu.

A 1994 kamfanonin suka kafa hukumar ESRB. Turai ta biyo baya a 2003 da nata tsarin mai suna PEGI.

Ga mai kallon finafinai a Najeriya, wannan ba sabon abu ba ne. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 85 ta 1993, tana raba finafinai rukuni-rukuni, har da 12 da 15 da 18. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar tace finafinai a 2001. A Afirka ta Kudu, hukumar da ke tace finafinai ita ce kuma ke sanya wa wasannin bidiyo alama.

Alamomin da ake gani a kan wasannin da ke shigowa kasuwannin Zariya da Kaduna da Kano dai yawanci na Turai ne ko na Amurka, gwargwadon inda aka sayo kayan.

Yadda ake karanta alamar

Tsarin PEGI lambobi biyar ne, kuma ana ganinsu a ƙasan kwali ta hagu.

Lamba 3 da 7 kore ne. Ta 3 ta dace da kowa, ta 7 kuma na iya ƙunsar abin da zai ɗan tsorata ƙaramin yaro.

Lamba 12 da 16 ruwan lemo ne. A 12 akwai faɗa, amma bai yi kama da na zahiri ba. A 16 faɗan ya yi kama da abin da ido zai gani a rayuwa, kuma ana iya ganin giya ko ƙwaya.

Lamba 18 ja ce. Ana ba da ita ga wasan da ke da mummunan zubar da jini, ko kisa ba gaira ba dalili, ko cin zalin wanda ba ya iya kare kansa, ko batsa ƙarara.

A bayan kwalin akwai ƙananan hotuna da ke faɗin dalili. Dunƙulallen hannu na nufin tashin hankali, gizo-gizo na nufin ban tsoro, sirinji na nufin ƙwaya, 'ya'yan ludo kuma na nufin caca. Ko wanda bai iya karatun boko ba zai iya gane su idan an nuna masa sau ɗaya.

Tsarin Amurka haruffa yake amfani da su. E na kowa ne, T na 'yan shekara 13 zuwa sama, M na 'yan 17 zuwa sama, AO kuma na manya zalla.

A Play Store na wayoyin Android ma akwai alamar, a ƙarƙashin sunan kowane wasa. Tun 2015 kamfanin Google ke amfani da wani tsari na ƙasa da ƙasa, inda mai wasan ke amsa jerin tambayoyi game da abin da ke ciki, daga nan a fitar masa da lamba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar a matsayin ma'aunin wahala. Uba zai ga ɗansa mai shekara 10 yana cinye wasan 'yan 18, ya ɗauka basira ce. Lambar ba ruwanta da ƙwarewa. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji take aunawa.

Alamar da ba ta da mai gadi

Waɗanda suka tsara alamar shekaru sun yi ta ne da wata irin kasuwa a ransu: kanti mai rajista, faifai a cikin kwali, da uba ko uwa riƙe da kuɗi. A Birtaniya, tun watan Yulin 2012 laifi ne mai kanti ya sayar wa yaro wasan da ya fi ƙarfin shekarunsa a rukunin 12 da 16 da 18.

A Kongo, kamar sauran biranen Arewa, wasa ba ya bin wannan hanya kafin ya isa hannun yaro.

Na'urorin gidajen gem da dama na hannu ne, kuma akan sayo su an riga an loda musu wasanni a ciki. Babu kwali balle lamba. Jerin sunaye kawai ake gani a talabijin, mai kuɗi ya zaɓa.

A waya ma haka ne. Yaro ba ya buƙatar shiga Play Store, domin abokinsa zai tura masa ta Xender cikin mintuna, ko ya je wajen masu tura finafinai a loda masa a memori. Ko da ta Play Store ɗin ne, wayar ta yayansa ce ko ta mahaifiyarsa, kuma shekarun mai wayar Google ya sani.

Sannan a gidan gem ba sai yaro ya biya ba kafin ya gani. Mutum biyu ke riƙe da madannai, amma masu kallo sun fi su yawa, kuma mafi ƙanƙanta su ne ke tsaye a baya ko a bakin taga. Yaron da aka aika sayen sikari na iya tsayawa ya kalli yadda ake fille kai sau biyar kafin ya tuna da aiken.

Shi ma mai shago yana da tasa hujjar. Yana biyan haya, yana sayen man janareta ko ya zuba kuɗi a sola, kuma idan jami'a ta yi hutu ko malamai suka shiga yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, 'yan unguwa ne ke riƙe masa kasuwa. Idan ya kori yaro, shagon gaba zai karɓe shi.

Me bincike ya nuna?

Tambayar da ta fi damun iyaye ita ce ko wasan harbi na mayar da yaro mai tashin hankali. Masana sun shafe shekaru sama da 30 suna jayayya a kai.

A 2010, Craig Anderson, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun tattara bincike sama da 130 da suka shafi mutum kusan 130,000. Sun ce akwai alaƙa tsakanin buga wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin rai, da kuma raguwar tausayi.

Wasu masanan, irin su Christopher Ferguson, sun ƙalubalanci wannan. Sun ce alaƙar ƙarama ce ƙwarai, kuma hanyar awon na da rauni. A wasu gwaje-gwajen, ana auna zafin ran mutum ne da yawan miyar barkonon da ya zuba wa wani, ko ƙarfin ƙarar da ya aika wa abokin karawarsa a kunne. A ganinsu, akwai tazara mai nisa tsakanin wannan da daɓa wa mutum wuƙa.

Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka, APA, ta tsaya a tsakiya. A 2015 ta amince akwai alaƙa da ƙananan halayen zafin rai, kamar tsawa da ture-ture. A 2020 ta jaddada cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasannin na haddasa aikata ta'asa, ta kuma yi gargaɗin cewa ɗora musu laifi na kawar da hankali daga dalilan da suka fi ƙarfi.

A 2019, Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun yi nazari a kan matasan Birtaniya kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15. Ba su tsaya ga abin da yaran suka faɗa ba, sun tambayi iyayensu game da halayensu. Ba su ga alaƙa tsakanin yawan buga wasan tashin hankali da yawan faɗa ba.

Akwai kuma hujjar da ake kafawa da ƙasashe. Japan da Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka fi kowa buga wasannin bidiyo, amma suna cikin masu ƙarancin kisan kai a duniya. A Amurka ma, laifukan tashin hankali na matasa sun ragu sosai daga tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da kasuwar wasannin ke bunƙasa.

Amma kafin mai shago ya ce magana ta ƙare, akwai abu biyu. Na farko, yawancin binciken nan an yi su ne a kan matasa da ɗaliban jami'a. Kwamitin APA na 2015 da kansa ya nuna cewa nazari a kan yara 'yan ƙasa da shekara 10 ya yi ƙaranci, kuma irin waɗannan yaran ne ke leƙe ta taga.

Na biyu, alamar shekaru ba ta ce wasa zai mayar da yaro ɗan ta'adda ba. Abin da take cewa shi ne akwai hoton da bai dace ƙaramin yaro ya gani ba. Uban da ba zai bar ɗansa ya kalli bidiyon yankan mutum a WhatsApp ba, ba ya jiran sakamakon binciken Oxford kafin ya hana.

Daba ta girmi PlayStation

A Arewa, muhawarar na da nauyin da ba ta da shi a Ingila. Yaran Zariya na jin labarin bindiga ta gaske. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kai hari Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, suka sace ɗalibai da malamai. Ƙwacen waya da rikicin 'yan sara-suka ma ba labarin nesa ba ne a biranen yankin.

Don haka idan uwa ta ga ɗanta yana murna don ya harbe mutum goma a waya, ba za a ce tsoronta na banza ba ne.

Sai dai tarihi bai goyi bayan ɗora wa gem laifin daba ba. 'Yan daba sun yi suna a Kano shekaru da dama kafin PlayStation ta farko ta fito a Japan a ƙarshen 1994. Abubuwan da aka daɗe ana dangantawa da ita sanannu ne: shaye-shaye, zaman banza, barin makaranta, mutuwar aure da 'yan siyasar da ke ɗaukar matasa haya.

Wasan faɗa ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai dambe da kokawa da langa, kuma waɗanda suka yi yarinta a zamanin finafinan Chana da na kaboyi sun san yadda ake ƙera bindigar kara ko ta laka a raba unguwa gida biyu.

Bambancin shi ne waɗancan wasanni a fili ake yinsu, a idon manya, kuma magariba na raba su. Ɗan dambe na da sa'ansa, ba a haɗa yaro da ƙato. Wannan ma wani nau'i ne na ƙayyade shekaru, ko da ba a rubuta shi a kwali ba, kuma shi ne ya ɓace a gidan gem da kan waya.

Haɗarin da ya fi kusa

Idan an bar maganar jini, akwai abubuwa uku da suka fi saurin taɓa yaro, kuma lambar shekaru ba ta cika kama su ba.

Na farko lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022.

Alamominta uku ne: mutum ya kasa sarrafa yawan wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar. Yawanci sai abin ya kai wata 12 kafin likita ya kira shi cuta, kuma hukumar ta ce kaso kaɗan ne na masu wasa ke kaiwa nan.

Tun kafin a kai can, ana ganin illa a barci. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, da awa 8 zuwa 10 ga 'yan 13 zuwa 18. Yaron da ke da boko da safe da Islamiyya da yamma, idan ya raba dare a kan Free Fire saboda datar dare ta fi araha, a aji zai biya bashin.

Na biyu kuɗi ne. Wasannin FIFA sun daɗe suna ɗauke da lamba 3 a Turai, amma a kansu aka fi cin kuɗi a gidajen gem. Ana farawa da sharaɗin wanda aka cinye shi zai biya, daga nan a koma ajiye kuɗi a hannun wani. Yaro na iya koyon caca a kan wasan da ba a zubar da ɗigon jini ko ɗaya a cikinsa ba.

A cikin wasannin kansu ma akwai tarko. Wasu na sayar da akwatin sa'a, inda mutum ke biya ba tare da ya san abin da zai fito masa ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar.

Na uku baƙi ne. Wasannin harbi na waya suna haɗa yaro da mutanen da bai sani ba, su yi magana da murya kai tsaye. Hukumomin da ke sanya alama na tantance abin da kamfani ya zuba a wasa ne. Zagi ko batsa ko yaudarar da wani babba zai yi wa yaro ta lasifika ba sa cikin lissafin lambar.

A wajen malaman addini ma, waɗannan ne wuraren da hukunci ya fi fitowa fili. Wasan da ya shagaltar da mutum daga sallah, ko caca ta shiga cikinsa, ba a saɓani a kan haninsa.

Waɗanda suka gwada haramtawa

Duk lokacin da irin wannan magana ta taso, akan samu masu kiran gwamnati ta rufe gidajen gem ko ta toshe wasannin. Wasu ƙasashe sun gwada.

A watan Afrilun 2019 majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar haramta PUBG da Fortnite. A watan ne Nepal ma ta hana PUBG, amma Kotun Ƙolin ƙasar ta dakatar da hanin bayan 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramta PUBG da makamantansa.

Indiya ta toshe PUBG Mobile a Satumbar 2020, amma dalilinta tsaron bayanai ne a lokacin da take takun-saƙa da Chana, kuma wasan ya dawo da sabon suna a shekarar da ta biyo.

Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara da yawa suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu. A 2021 aka soke dokar, aka bar wa iyaye zaɓin ƙayyade lokacin.

Chana ce ta fi tsanantawa. Tun Agustan 2021, 'yan ƙasa da 18 na da awa ɗaya kacal ta wasan intanet, daga takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Hakan na yiwuwa ne saboda kowa na shiga da sunansa na gaskiya da lambar katinsa.

A Amurka kuwa, jihar Kalifoniya ta yi dokar cin tarar dala 1,000 ga wanda ya sayar wa yaro wasan tashin hankali, amma Kotun Ƙoli ta rushe ta a Yunin 2011, alƙalai bakwai a kan biyu, bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki.

Darasin ga unguwa irin Kongo a fili yake. Idan aka rufe shago, wasan na nan a waya, kuma wayar na shiga har ƙuryar ɗaki inda babu mai gani. Shagon da ke bakin titi aƙalla ana iya leƙa shi.

Wa zai tsare ƙofa?

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar jin daɗi da kare yara a 2018. Amma babu jami'in da zai tsaya a bakin kowane shago yana duba takardar haihuwa. Aikin ya dawo hannun waɗanda suka san yaran da sunayensu.

Mai shago na iya raba lokaci ba tare da ya yi asara ba. Da rana, lokacin da ƙanana ke zuwa, a bar ƙwallo da tseren mota. Wasannin da ke da jar lamba su jira dare, ko a mayar da talabijin ɗinsu ciki, nesa da ƙofa. Yaro mai kayan makaranta a lokacin aji kuwa bai da wurin zama.

Wannan ba zai yi aiki ba idan shago ɗaya ne ya ɗauka, domin ciniki zai koma wa maƙwabcinsa. A nan ne mai unguwa da limamai da ƙungiyar iyaye da malamai ke da amfani. Idan suka zauna da masu shagunan layi ɗaya aka amince da ƙa'ida guda, har da hana ajiye kuɗin caca, babu wanda zai ji an ware shi.

A gida, matakin farko ba ya cin ko sisi: a karɓi wayar, a nemi sunan wasan a Play Store, a duba lambar. A cikin saitin Play Store akwai wurin da ake kulle wasannin da suka wuce wasu shekaru da lambar sirri. Manhajar Family Link ta Google, wadda kyauta ce, na ba uba damar ƙayyade awoyi da kulle wayar yaro idan dare ya yi. PlayStation ma na da irin wannan saiti. A wasannin harbi na waya kuma ana iya kashe maganar murya.

A gidaje da dama, wanda ya fi iya wannan ba uba ba ne. Yaya ne ko yaya mace, ko ɗalibin da ke haya a ɗakin zaure. Yawanci ta hannunsu wasan ke shigowa gida, don haka su ne suka fi cancanta a ɗora wa amanar tace shi.

Ƙwace waya da duka kan mayar da yaro ga ɓoyewa. Abin da ya fi amfani shi ne babba ya zauna minti goma ya kalli wasan tare da shi, ya tambaye shi wa yake harbi, don me, kuma su wa yake magana da su.

Alamomin da ya kamata su tayar da hankali sun haɗa da gyangyaɗi a aji, ɓacewar kuɗi a gida, ƙarya game da inda aka je, mafarkin tsoro, da fushi mai tsanani idan an ce a ajiye waya. Idan suka taru kuma suka daɗe, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara 17 da ɗan shekara 8 ba abu ɗaya ya dace su gani ba, kuma kamfanonin da suka ƙera wasannin ma sun yarda da haka tun 1994. Abin da ya rage shi ne a samu babba a kusa da zai duba lambar kafin a miƙa wa yaro madanni.